Ɗakin Inna da Duwatsun Turawa

Bangon bayan ɗakin Inna ya tsage tun kafin in tafi Ingila. Tsagar ta faro daga ƙarƙashin indararo ta gangaro har kusa da ƙasa, kuma duk wanda ya zagaya ta bayan gidanmu a Ƙofar Gayan, cikin birnin Zariya, sai ya yi mana maganarta. Ni na ce a bar mini aikin. Ni ne auta, ni ne ɗan bokon gidan, ina aiki a ofishin gona, kuma bakina bai taɓa gajiya da cewa a bar mini ba. Sai ga takardar kwas ta fito, wata uku a wata gona a karkarar Ingila, in je in ga yadda suke kiwon tumaki. Na shiga zirga-zirgar fasfo da biza, na manta da bango har bazara ta kusa ƙarewa.

Ana gobe zan tashi, yayana ya kawo magini. Tsohon ya zura hannunsa cikin tsagar har wuyan hannu, ya ce ba sai an rushe ba. A tokare bangon ta baya da sabon gini, a cike tsagar, a yi yaɓe, amma a yi kafin ruwa ya kankama. Ƙasa kuwa ba sai an je nesa ba, tunda ga ganuwa nan a bayanmu.

Mu mutanen cikin birni haka muka taso muka gani. Ƙasar ganuwa ta sha kwaɓi da tattaki tun zamanin kakanni, in ka jiƙa ta kwana biyu ta kama kamar danƙo. Sabuwar ƙasar daji kuwa sai an jiƙa, an zuba mata ciyawa, an bar ta ta ruɓa makonni. An hana sarar ganuwa, kowa ya san an hana, amma ɗakunan unguwarmu da yawa ganuwa ce aka sauya wa wuri. Ni kaina ina saurayi na sha ɗaukar kwandonta a ka.

Yayata mace, wadda ke aure a Tudun Jukun, ta so Inna ta koma wajenta har a gama aikin. Inna ta ƙi. Ta ce a ɗakin nan aka kawo ta tana amarya, a ciki ta haife mu duka, ba ta iya barci a wani wuri. Na yi mata sallama a bakin ƙofar ɗakin, na tafi hankalina kwance, a zatona magana ta ƙare.

Gonar tana can cikin tuddai, nesa da tashar jirgin ƙasa. Mai ita dattijo ne dogo mai jar fuska, ba ya magana sai ta kama dole. Daga shi sai matarsa sai kare ɗaya, su ke kula da tumakin da a wajenmu sai an tara ruga guda. Suka ba ni ɗaki a saman bene. Kwana uku na farko na yi ta yaba wurin, ko'ina kore shar, ruwa a famfo ba yankewa. A na huɗu shirun ya fara cina. Ba kiran salla, ba mai tallar koko, ba maƙwabcin da zai leƙo ya ce an tashi lafiya. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da wani abu, in yi la'asar in zauna jiran magariba, in gaji in fita in zagaya gona in dawo, har yanzu da saura. Aikin ma bai isa ya gajiyar da ni ba, don karen nan shi kaɗai yana yin aikin mutum uku. Na yi ta safa da marwa a ɗaki har matar ta ce wa mijinta baƙon nan zai cinye mata katakon bene da ƙafa.

Don su rage mini zaman, ranar Lahadi sai su sa ni a mota su zaga da ni ƙauyukan kusa. A ƙauye na farko akwai coci mai hasumiyar dutse, kaburbura a bakin ƙofarsa, mutane suna ratsawa ta tsakaninsu da burodi a hannu kamar hanyar kasuwa. A wani ƙauyen gada ce ƙuntatacciya, mota ɗaya take ɗauka, sai mu tsaya mu jira na can ya wuce, wai ba za a faɗaɗa ta ba saboda tsufanta. A wani kuma ginshiƙin dutse ne a mararraba, inda aka ce kasuwa take ci a da. Yanzu ko mai sayar da gyaɗa babu, amma an kewaye shi da sarƙa an kafa masa allon bayanin tarihinsa. Kowane tsohon dutse da allonsa. Ina gyaɗa kai ina cewa madalla, a raina kuwa ina cewa mutanen nan aikin yi ne ya yi musu kaɗan.

A ƙarshen gonar tasu, kusa da rafi, akwai wani kango. Dattijon ya taɓa nuna mini shi da haɓa, ya ce wasu masu zaman ibada na Kirista ne suka zauna a wurin a zamanin da. Bango ɗaya ya rage a tsaye da ƙofa mai baka, sauran duwatsun suna zube cikin ciyawa, sassaƙaƙƙu masu kusurwa huɗu. Shi ma yana da allonsa, amma ta can bakin hanya inda baƙi ke shigowa. Ni ta cikin gona nake zuwa, ban taɓa karanta shi ba.

Katangun gonar duwatsu ne aka jera, ba ƙasa ba siminti. Wani gefe ya zube, tumaki suna tsallakawa gonar maƙwabci, kullum sai mun je mun koro su. Dattijon ya ce zai gyara in an kawo masa duwatsu daga inda ake fasawa. Na dube shi na dubi wajen kangon. Mutum yana zaune da duwatsu a zube a gonarsa, yana jiran a kawo masa daga wani gari.

A mako na uku suka tafi kasuwar dabbobi shi da matarsa, suka bar ni da kare. Zama bai gan ni ba. Na ɗauki baro na gangara kangon. Bangon da ke tsaye ban taɓa shi ba, na zube kawai na kwasa, ai ina da hankali. Sawu tara na yi, ina turo baro a kan tudu, gumi yana zuba duk da sanyin garin. Duwatsun suka hau juna daram, ko gyara ba su nema ba. Tun da na zo ƙasar ban ji daɗin jikina kamar ranar ba. Na wanke hannu na zauna a kan katangar ina jiran su, ina shirya yadda zan ce ba komai in an gode mini.

Dattijon ya sauko daga mota, ya zo ya tsaya. Ya daɗe yana kallo.

"Daga ina?" ya ce.

Na nuna masa wajen rafi.

Ya cire hularsa ya mayar. Fuskar nan ja ta koma fara. "Dukansu?"

"Na zube kawai na ɗauka," na ce. "Ba wanda ke amfani da su."

Ya juya ya shiga gida. Matar ce ta zaunar da ni ta zuba mini shayi, ta yi mini bayani a hankali kamar mai lallashin maras lafiya. Gonar tasu ce, amma kangon doka ce ke tsare da shi. Ko su ba su isa su gusar da dutse ɗaya ba. Dole mijinta ya buga waya ya faɗa da bakinsa, in ba haka ba shi za a tuhuma. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari wata mata ta zo daga ofishin masu kula da kayan tarihi, da hotunan wurin a cikin jaka. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta tambaye ni daga ina nake, ta ce ta ji labarin garuruwanmu masu ganuwa, tana fatan wata rana ta je ta gani. Na ce Allah ya kawo ta, ina kallon takalmina.

Kwana biyu muka yi muna mayar da duwatsun ni da dattijon. Kowanne ya bar shatarsa a ƙasa, ciyawar wurin ta yi fari, tsutsotsi suna motsi a ciki. Sai mu juya dutse mu juya har ya zauna daidai a gurbinsa, matar nan ta duba hoto ta ce ya yi. Da muka gama, dattijon ya nuna mini ɗakin da yake ajiye ciyawa, ya ce kakansa da duwatsun kangon nan ya gina shi, gidajen ƙauyen ma da yawa haka. Ya faɗa ne don ya rage mini kunya. Ni kuwa ban ji shi ba, don na riga na hau wani dokin.

Halina ke nan, kuma na san shi. In na ji kunya ba na iya riƙe ta ni kaɗai, sai na nemi wanda zan sauke wa. Ranar Alhamis da yamma na kira gida.

"Yaya, aikin bangon nan, an fara?"

"Jibi Asabar in Allah ya kai mu. Maginin ne aiki ya yi masa yawa, kowa na son yaɓe kafin ruwa. An aro diga da baro biyu."

"Kada a taɓa ganuwar nan."

Ya ce, "Wace ganuwa?"

"Guda nawa gare mu?"

Daga nan na buɗe masa wa'azi. Na ce mu ne marasa kishi, muna cinye tarihinmu da diga. Na ce a nan dutse ɗaya ma yana da hoto a ofis, mu kuwa abin da kakanni suka gina da hannu mun mayar da shi ramin ɗibar ƙasa. Har matar nan mai son zuwa ganin ganuwa na kawo masa, na ce in ta zo me za mu nuna mata.

"To, Bature," ya ce. "Sati uku ke nan. In ka cika wata uku sai ka hana mu cin tuwo da hannu."

"Zan sa a kawo tifa guda ta jar ƙasa daga bayan gari."

"Ƙasar da sai ta yi makonni tana ruɓa? Ka san hadari ya fara haɗowa kuwa? Shekaranjiya an yi yayyafi."

Raina ya ɓaci. Na ce masa in ya sari ganuwar nan, ni da kaina zan kira mai unguwa daga inda nake. Yayana ne, shi ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinmu, na faɗa masa haka. Na ji takunsa, na ji ya yi sallama, sai muryar Inna.

"Auta, kana cin abinci kuwa?"

"Ina ci, Inna."

"Me ya haɗa ka da yayanka?"

Na sassauta murya na maimaita mata, na ƙara gishiri inda ya kamata. Ta saurara har na gama.

"To," ta ce, "kai ka je ka gani, mu ba mu je ba. Tunda ka ce a bari, a bari."

Na jiyo Yaya daga gefe yana cewa, "Inna, bangon nan ba zai kai ƙarshen damina ba."

"Ya kai bara, zai kai bana da yardar Allah. A bar masa maganarsa."

Na ajiye waya ina jin na yi nasara. Abin da ban so in tuna ba shi ne, Inna ba hujjata ta bi ba. Tun ina ƙarami, in na ce fari ne ba ta bari a ce baƙi.

Tifar ta zo bayan kwana goma. Ba ta iya shiga lungunmu ba, ta juye a bakin titi, kafin a kwashe ruwa ya tafi da rabi. Maginin ya zo ya duba sama, ya ce shi ba ya ginin ƙasa cikin damina, wanda ya yi ma narkewa zai yi. Aka rufe tsagar da tamfol, aka tokare bangon da azara biyu, aka ce sai rani.

Daga nan zaman Ingila ya koma mini wani abu dabam. Kullum ina duba yanayin Zariya a waya, in na ga hoton gajimare sai abinci ya fita raina. Ruwansu na can siriri ne, yana iya wuni yana zuba bai cika kwano ba, amma da ya taɓa gilashin taga sai in ji indararon gidanmu. In na kira Yaya, lafiya lau kawai yake cewa ya miƙa wa Inna. Na koma yawo a ƙafa, ƙauye zuwa ƙauye, ina tsayawa gaban kowane allo ina karantawa har ƙasa, ina neman wanda zai ce mini na yi daidai. Na hau hasumiyar cocin, na leƙa ƙarƙashin gadar, na je na zauna a ƙofar kangon kusa da duwatsuna. Ko minti goma ba na yi sai in tashi.

Matar dattijon ta ga na daina taɓa dankalinta ko da na barbaɗa yajin da na zo da shi. Wata rana muna cin abincin rana ta tambaye ni, na kwashe labarin duka na faɗa musu. Har a lokacin ina ɗan sa ran dattijon zai yaba, tunda a gonarsa na koyi darasin. Ya ajiye cokali.

"Mahaifiyarka, a ƙarƙashin bangon take kwana?"

"E."

Ya dube ni kamar yadda ya dubi katangar ranar nan. Sai ya tashi ya ɗauki hularsa, ya yi wa kare fito suka fita.

Ban gama abincin ba na kira gida. "Yaya, a sari ganuwar. Na janye maganata."

"Yanzu?" ya ce. Ba izgili a muryarsa, gajiya ce kawai. "Yanzu ko an sara, wa zai yi gini cikin wannan ruwa? Na roƙe ta ta koma ɗakin zaure ta ƙi. Kai take ji, gwada."

Na gwada. Wannan karon ba ta ji ni ba. Ta ce in kwantar da hankalina in yi karatuna, ɗakinta ya san ta.

Saura kwana tara in dawo, ranar wata Juma'a da rana, hoto ya shigo wayata daga Yaya, ba rubutu ko ɗaya. Bangon ya kwanta waje, azarun rufi sun biyo shi, ƙasar soro ta zauna a kan gadon Inna. Ina tsaye a tsakiyar tumaki na danna lambarsa. Sau huɗu na kira kafin ya ɗauka. Ya ce an yi kwana uku ana ruwa. Inna tana madafa tana tsince shinkafa lokacin da abin ya faru, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Yayata ta zo ta tafi da ita Tudun Jukun.

Kwana taran nan ban san yadda na yi su ba. Ranar tafiyata dattijon ya kai ni tasha, ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce in gaida mahaifiyata.

Na same ta a gidan yayata, a ɗaki mai tayil da fanka, tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofa, ƙullin kayanta a gefe ba ta kwance ba. Ta ce na rame. Ta tambayi ko Turawan sun riƙe ni da kyau. Na durƙusa na ce ta yafe mini.

"Kai ka yi ruwan?" ta ce. "Tashi ka ci abinci."

Yaya ma bai taɓa tayar da maganar ba, kuma wannan ya fi mini ciwo fiye da zagi.

Da rani ya shigo na ɗauki hutu. Aka kawo ƙasa daga bayan gari, muka jiƙa, muka zuba ciyawa, muka bar ta ta ruɓa yadda maginin yake so. Na naɗe wando na shiga kwaɓi da ƙafata, maƙwabta suna wucewa suna cewa sannu da aiki Bature. Na tsaya a kan komai. Faɗin ɗakin yadda yake a da, ƙofar inda take, tagar inda take, har tsayin dokin ƙofa sai da na sa aka auna da na tsohon. Aka yi daɓe, aka shafa farar ƙasa, na sa sabon gado a inda tsohon yake. Da ya bushe, ni da Yaya muka ɗauki shatar mota muka je muka taho da ita.

Ta tsaya a tsakar gida ta dubi ɗakin, ta sa mana albarka. Ta cire takalmi, ta yi bismilla ta shiga, muna biye. Tana riƙe da ɗan gwangwanin da take zuba goro. Tana tsallake dokin ƙofa, ba tare da ta duba ba, ta ɗaga hannun dama ta saki gwangwanin a jikin bango. Ya faɗi ƙasa, murfin ya buɗe, goro ya watse.

A nan alkukinta yake, ɗan ramin nan na jikin bango da ake ajiye fitila. A ɗakin aka haife ni, na auna komai, ban tuna da shi ba. Hannunta ya tsaya a kan bangon, tana shafa wurin.

"Gobe za a fafe shi, Inna," na ce. "Aikin minti kaɗan ne."

"A'a, kada ku ɓata bango. Ya yi kyau haka."

Ta zauna a bakin gadon, can gefe, yadda baƙuwa ke zama. Ta dubi rufi, ta dubi taga. Ta sake cewa ya yi kyau, Allah ya yi mana albarka. Sai ta juya wajen Yaya.

"Mai motar nan ya tafi ne? A ce ya jira. Na bar shanyar kuɓewa a can, kada kaji su shiga."

Yaya ya fita kiran mai mota. Ni kuwa na tsuguna ina tsince goron.